Kafin Ka Ɗora wa Ma'aikaci Laifin Jinkiri: Jagorar Auna Manhajar Aiki da Gyara Ta

A yawancin kamfanoni, wanda ya zaɓi manhajar aiki ba shi ne zai wuni a gabanta ba. Shugabanni ne ke zama su kalli nunin da mai sayarwa ya shirya tsaf, su ga jadawali masu launi, su sa hannu a yarjejeniya. Akawu da mai kula da sito da mai amsa kiran abokan ciniki su ne za su riƙa cike fom ɗin sau ɗari a yini, shekara da shekaru, kuma da wuya a nemi jin ta bakinsu. Idan aiki ya fara tafiyar hawainiya, sai a ce ma'aikata ba su da himma, ko a ce a ƙara musu horo. Sau da yawa kuwa matsalar tana jikin allon da aka ajiye musu.

Wannan jagora ta manaja ce, da shugaban sashe, da duk wanda ke da ta cewa wajen saye ko gyaran manhajar da mutane ke aiki da ita. Ba sai ka iya rubuta manhaja ba. Agogo kake buƙata, da takarda, da haƙurin zama kusa da ma'aikaci ka yi shiru.

Kafin a shiga matakan, ya kamata mu daidaita kan abin da ake nufi da sauƙin amfani. Hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta fayyace shi a ƙa'idarta mai lamba 9241-11 da abubuwa uku: ko mutum ya kammala aikin daidai, da yawan lokaci da ƙoƙarin da aikin ya ci masa, da irin gamsuwar da ya samu. Duk ukun ana iya auna su. Manhaja tana iya yin kyau a ido ta kuma faɗi a dukkansu.

Mataki na farko: fitar da ayyukan da ake maimaitawa

Kada ka ce za ka binciki manhajar gaba ɗayanta, ba za ka gama ba. Tambayi kowane sashe ayyuka uku zuwa biyar da suka fi yi da ita kullum: shigar da odar kaya, fitar da rasit, nemo bayanan abokin ciniki, amincewa da biyan kuɗi, da makamantansu. A gefen kowanne ka rubuta mutum nawa ke yin sa, kuma sau nawa a yini.

Lissafi mai sauƙi zai nuna maka dalili. A ɗauka ma'aikata 40 ne, kowanne yana shigar da oda sau 60 a yini, kuma akwai wani shafi marar amfani da ke cin sakan 15 a kowace oda. Jimilla sakan 36,000 ke nan, wato awa 10 kullum. Shafi guda ya cinye fiye da wunin aikin mutum ɗaya, kuma ba wanda zai kawo ƙararsa, don sakan 15 bai kai a yi ƙorafi a kansa ba. Rahoton da ake fitarwa sau ɗaya a wata, ko da yana cin minti 20, bai kama ƙafar wannan asara ba, amma shi shugabanni suka fi gani domin su ne ke jiran sa.

Kamfanin wayar tarho na NYNEX a Amurka ya taɓa yin irin wannan lissafi. Ya kiyasta cewa kowane sakan guda da aka rage a kan kiran da ma'aikatansa ke amsawa yana daidai da dala miliyan 3 a shekara. Sai aka kawo sabuwar na'urar aiki mai tsari na zamani, wadda ke buƙatar ƙarancin danne-danne, kowa yana ganin za ta fi sauri. Binciken da Wayne Gray da Bonnie John da Michael Atwood suka wallafa a 1993 ya nuna ta fi tsohuwar jinkiri da fiye da rabin sakan a kowane kira. A tsohon tsari, ma'aikaci yana yin wasu danne-dannen ne a lokacin da mai kira ke magana, don haka ba su ƙara wa kiran tsawo. Sabon tsarin ya rage yawansu, amma ya mayar da wasu zuwa lokacin da kowa ke jiran su. Ina son wannan labari domin yana hana mutum saurin yanke hukunci da ido.

Mataki na biyu: zauna ka kalla

Nan ne zuciyar aikin, kuma shi aka fi tsallakewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai idan ka tambaye shi a taro zai ce maka lafiya lau. Wani yana tsoron a ce bai iya aiki ba. Wani kuma ya saba da wahalar har ta daina zama masa wahala. Saboda haka ido zai ba ka abin da tambaya ba za ta ba ka ba.

Zaɓi mutum biyar daga masu yin aikin. Jakob Nielsen da Thomas Landauer sun nuna a 1993 cewa gwaji da 'yan mutane kaɗan yana tono mafi yawan matsaloli, kuma daga lissafinsu ne aka samo ƙa'idar da ta shahara, cewa mutum biyar kan fito da kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin. Sharaɗin shi ne su kasance masu aiki iri ɗaya. Idan akawu da masu sito ne ke amfani da manhajar, kowane rukuni yana buƙatar nasa mutanen. Ka haɗa sabon shiga da tsohon hannu, domin inda suke tuntuɓe ya bambanta.

Kafin ka zauna, faɗa wa mutumin a fili cewa manhajar ake gwadawa, ba shi ba, kuma abin da aka gani ba zai shiga takardar auna ƙwazonsa ba. Idan ka faɗa, ka cika. Ranar da aka yi amfani da irin wannan zama aka ci mutuncin wani, ba wanda zai sake nuna maka gaskiyar yadda yake aiki. In kai ne maigidansa kai tsaye, gara ka wakilta wani ya zauna a madadinka.

Sai ka roƙe shi ya yi aikinsa na yau da kullum, yana faɗin abin da ke ransa da ƙarfi: me yake nema, me yake tsammanin zai faru idan ya danna nan. Kai kuma ka kame bakinka. Idan ya maƙale, za ka ji kamar ka nuna masa maɓallin, amma kada ka yi, domin maƙalewar nan ita ka zo gani. In ya tambaye ka, mayar masa da tambayar: "Kai me kake gani ya kamata a yi?"

Ka sa ido kan abin da ke kewaye da kwamfutar kamar yadda kake kallon allon. 'Yar takardar da aka manna a gefe ɗauke da lambobin kaya tana gaya maka cewa manhajar tana tilasta wa mutane haddace abin da ya kamata ta nuna musu. Fayil ɗin Excel da sashe ya ƙirƙiro wa kansa yana nufin akwai aikin da manhajar ta kasa, har mutane suka gina wata a gefenta. Idan ka ga an kwafi lamba daga wannan taga an manna a waccan, ko an sake rubuta sunan da aka riga aka rubuta a shafin baya, rubuta shi. Haka nan idan akwai mutum guda da kowa ke kira in ya rikice. Shi ma lokacinsa na cikin kuɗin da manhajar ke ci, ko da ba ya fitowa a kowane lissafi.

Ƙirga tsalle-tsalle tsakanin manhajoji ma. Wani bincike da mujallar Harvard Business Review ta wallafa a 2022, kan ma'aikata 137 a manyan kamfanoni uku, ya gano suna sauyawa daga wata manhaja ko shafi zuwa wani kusan sau 1,200 a yini, kuma sake tattara hankali bayan sauyawar yana cin kusan awa 4 a mako. Wani lokaci kowace manhaja lafiyarta ƙalau ita kaɗai, ɓarnar tana tsakaninsu ne.

Mataki na uku: mayar da abin da ka gani lambobi

Shugabanni ba sa sakin kuɗi don an ce manhaja tana da ban haushi. A kan kowane aiki ka rubuta abu huɗu: tsawon lokacin da ya ɗauka, mutum nawa cikin waɗanda ka kalla suka gama ba tare da taimako ba, kurakurai nawa aka yi, da tsawon lokacin da gyaran kuskure guda ke ci. Na ƙarshen nan shi ake mantawa, alhali kuskuren sakan biyu a shigar da oda yana iya jawo kaya su tafi inda ba a aike su ba, a kwashe kwanaki ana warwara.

Auna saurin amsawar manhajar daban. Akwai iyakoki uku da masana fannin suka daɗe da sani, tun daga rubutun Robert Miller na 1968. Idan amsa ta zo cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan, mutum zai ji kamar nan take ne. Zuwa sakan guda, zai lura da jinkirin amma zaren tunaninsa ba zai tsinke ba. Idan aka haura sakan 10, hankalinsa ya tafi wani wuri, kuma dawo da shi wani aiki ne.

Don auna gamsuwa akwai takardar tambayoyi guda 10 da John Brooke ya ƙirƙiro a 1986 a kamfanin Digital Equipment, wadda aka sani da SUS, kuma ana samun ta kyauta. Kowace jimla ana ba ta maki daga 1 zuwa 5. A jimloli masu lambar mara, wato ta 1, 3, 5, 7 da 9, ka cire 1 daga makin da aka bayar. A masu lambar cika kuma ka cire makin daga 5. Ka tara duka ka ninka da 2.5, za ka sami adadi tsakanin 0 da 100. Matsakaicin abin da manhajoji ke samu yana wajen 68, don haka wadda ta sami 60 tana ƙasa da tsaka-tsaki, kada ka ɗauka ta ci jarrabawa. A cike takardar ba tare da sa suna ba.

Mataki na huɗu: raba masu cin lokaci da masu jawo bala'i

Yanzu kana da jerin matsaloli, wataƙila masu yawa. Kasa su gida biyu. Na farko su ne ƙanana masu faruwa kullum, waɗanda lissafin mataki na farko zai jera maka su bisa nauyinsu. Na biyu ba sa faruwa sai jefi-jefi, amma idan suka faru asarar tana da girma: biyan kuɗi, goge bayanai, aika saƙo ga dubban mutane. Waɗannan ba a auna su da sakan.

A watan Agusta na 2020, bankin Citibank ya yi niyyar biyan kuɗin ruwa kusan dala miliyan 7.8 ga masu bin kamfanin Revlon bashi, sai ya aika musu da kusan dala miliyan 900 daga aljihunsa. A manhajar da suke amfani da ita, Flexcube, sai an cike gurabe uku kafin uwar kuɗin bashin ta tsaya a wani asusu na cikin banki, kuɗin ruwan kaɗai ya fita. Ma'aikacin ya cike ɗaya kawai, wanda ke ɗauke da sunan uwar kuɗi, abin da kowane mai hankali zai zaci ya isa. Mutum uku ne suka duba aikin, duka ukun suka yi masa fahimta iri ɗaya. Gargaɗin da ya fito a allo ya ce kuɗi za su fita daga banki, amma bai faɗi nawa ba ne. Wasu masu bin bashin sun mayar, wasu suka riƙe kusan dala miliyan 500. Kotu ta ba su gaskiya a 2021, sai a 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin.

Abin lura a nan shi ne ƙara yawan masu dubawa bai hana kuskuren ba, tunda allo ɗaya suke kallo kuma allon ne ke ruɗarwa. Don haka ka bi duk wani aiki mai haɗari a kamfaninka ka duba saƙon tabbatarwarsa. Ya kamata ya faɗi abin da zai faru dalla-dalla: adadin kuɗi, da sunan wanda za a biya, da asusun da za su fita. Tambayar "Ka tabbata?" kaɗai ba ta kare kowa, musamman idan tana fitowa a kan kowane ƙaramin abu har hannu ya saba danna "e" kafin ido ya karanta.

Mataki na biyar: fara da gyaran da ba ya cin kuɗi

Mutane da yawa suna zaton sai an sayi sabuwar manhaja. Galibin manhajojin kasuwanci kuwa suna da saitin da mai kula da su zai iya sauyawa cikin yini guda. Fara da gurabun fom. Ɗauki kowanne ka tambaya: wa ke karanta abin da aka rubuta a nan, kuma wace shawara ake yankewa da shi? Za ka tarar da gurabun da wani ya nemi a saka shekarun baya, ya bar aiki, su kuma suka zauna. Ɓoye su, ko aƙalla a daina tilasta cike su. Gurbin dole da ba a san amfaninsa ba, ma'aikata kan cike shi da duk abin da ya zo hannu don su wuce, sai ya zama an ɓata lokaci an kuma gurɓata bayanai.

Bayan nan, sa manhajar ta cike abin da ta riga ta sani, kamar kwanan wata, da reshe, da sunan mai shigarwa, da zaɓin da aka fi yi. Jera gurabun yadda bayani ke zuwa wa ma'aikaci. Idan daga takarda yake kwafa, fom ya bi tsarin takardar. Idan a waya yake tambaya, ya bi yadda zance ke tafiya. Sunayen maɓallai su zama kalmomin da ma'aikata ke faɗi a bakinsu. Saƙon kuskure ya faɗi gurbin da ke da matsala da yadda za a gyara, kuma kada ya share abin da mutum ya riga ya rubuta. Inda zai yiwu, a ba mutum damar janye abin da ya yi, domin wanda ya san zai iya komawa baya ya fi sakin jiki ya yi sauri.

Akwai wani abu da nake so a riƙe da kyau, domin nan ne masu kyakkyawar niyya ke yin ɓarna. Abin da ke da sauƙi ga baƙo daban yake da abin da ke da sauri ga gwani. Fom ɗin da aka raba shafi biyar, kowanne da tambaya biyu da manyan maɓallai, yana da daɗi ranar farko. Ga wanda zai cike shi sau ɗari a yini, azaba ce. Stuart Card da Thomas Moran da Allen Newell sun kiyasta a 1980 cewa ɗauke hannu daga madannai (keyboard) zuwa linzamin kwamfuta (mouse) yana cin kusan sakan 0.4, kai linzamin kan abin da ake so kuma kusan sakan 1.1. Ninka wannan da gurabe 20 da oda 60 ka gani. Shi ya sa tsofaffin ma'aikata ke kewar tsohon allo marar ado wanda suke sarrafa shi da madannai kawai, kuma suna da gaskiya. Tabbatar ana iya gama aikin da ake maimaitawa ba tare da taɓa linzami ba, kuma maɓallin tsallakawa (Tab) yana bin gurabe a jere.

Kada a manta da masu raunin gani da waɗanda ba sa bambance wasu launuka. Ja da kore kaɗai ba su isa su nuna an ƙi ko an karɓa ba, a haɗa da rubutu ko alama.

Mataki na shida: idan saye ya zama dole

Kada ka yarda mai sayarwa ya riƙe linzami. Ba shi jerin ayyukanka na mataki na farko, ka nemi a buɗe muku manhajar ta gwaji da bayanai irin naku, sannan ma'aikatanka su yi ayyukan da hannunsu, kai kana riƙe da agogo. Sa har da lamurra masu wuya, irin odar da aka mayar da rabinta, ko abokin ciniki mai suna iri ɗaya da wani. Kwatanta sakamakon da lambobin tsohuwar manhaja, kana sane da cewa ma'aikatan sun saba da tsohuwar. Tambayi abin da za ku iya sauyawa da kanku da abin da sai an biya, kuma a rubuta saurin amsawa cikin yarjejeniya.

Kamfanin kayan kwalliya na Avon ya kashe shekaru yana gina sabon tsarin karɓar oda a kan manhajar SAP. Da aka fara shi a Kanada, wakilan da ke sayar da kayan suka same shi da wahala har da yawa suka bar harkar. A ƙarshen 2013 kamfanin ya dakatar da shirin, da asarar sama da dala miliyan 100. Waɗancan wakilai suna da 'yancin tafiya. Ma'aikacin albashi yakan zauna ya haƙura, don haka a wurinsa asarar takan fito ta jinkiri da kurakurai da gajiya.

Mataki na bakwai: shigar da sauyi a hankali, ka sake aunawa

Fara da sashe ɗaya ko rukuni ƙarami, kuma ka kauce wa lokacin da aiki ya fi yawa, kamar rufe lissafin ƙarshen wata. Ka sa ran aiki zai ragu a makonnin farko ko da sabon tsarin ya fi kyau, domin hannu ya saba da tsohon. Faɗa wa shugabanni wannan tun kafin a fara, kuma a sassauta wa ma'aikata adadin da ake nema daga gare su a wannan tsakani. Horon ya kasance a kan ayyukansu na gaske, kowane sashe da nasa. Buɗe hanya guda ta kai ƙorafi, ka riƙa sanar da abin da aka gyara, don idan mutane suka ga maganarsu tana aiki za su ci gaba da kawowa.

Bayan wata ɗaya zuwa biyu, koma ka auna abubuwan nan huɗu da takardar SUS, da ayyuka iri ɗaya da mutane irin na farko. Idan lokaci ya ragu amma kurakurai sun ƙaru, ba a ci riba ba tukuna. Idan sabon shiga yana kama aiki cikin kwanaki kaɗan fiye da da, sa wannan a lissafi, haka ma raguwar kiran da ake yi wa sashen kula da kwamfuta.

Daga nan sai tsaron abin da aka samu. Fom yakan kumbura a hankali, domin kowane sashe yana son a ƙara masa gurbi guda. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Annals of Internal Medicine a 2016, kan likitoci 57 a Amurka, ya gano cewa a kan kowace awa guda da likita ya yi da marasa lafiya, yana ƙara kusan awa biyu a kan manhajar bayanai da aikin tebur. Ba tsarin allo kaɗai ya jawo haka ba, har da tarin bayanan da dokoki da masu biyan kuɗin magani ke nema a shigar. Saboda haka ka naɗa mutum guda da zai zama mai fom ɗin, wanda ba a ƙara gurbi sai da izininsa. Duk mai neman ƙari ya kawo lissafinsa a rubuce: sakan nawa gurbin zai ci, mutum nawa za su cike shi, sau nawa a yini, kuma wa zai karanta abin da aka shigar. Sau ɗaya a shekara, a sake zama da mutum biyar daga kowane rukuni a kalli aikinsu.